Hanyar da Take Yi wa Baba Duhu

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata da ka sani, ita kam ba ta sake hali ba. Ƙanwarka ta zo da yaranta, suka hargitsa mini ɗakin ɗinki suka tafi, har yanzu ina neman almakashina. Direban da ke kai muku kaya wurin ginin madatsar ruwan ya ce zai biyo ya karɓi takardar nan, tunda ka zaɓi ka je ka zauna inda waya ba ta kamawa.

To, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Babanka ne. Ka san shi da zurfin ciki, ko wuta ce ke cin sa sai ya ce maka iska yake sha. Kwanakin nan idan ya dawo daga rabon burodi ba ya shigowa kai tsaye, sai ya zauna cikin motar a ƙofar gida yana murza ido. Rannan na fito daga wanka na same shi a falo ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana kallon agogon bango, ya sake, ya rufe ɗayan. Na ce lafiya? Ya ce lafiya. Na ce to ni ba zan ɗora tukunya ba sai na ji wace irin lafiya ce wannan.

Da ƙyar ya faɗa. Wai idan ya loda burodi a gidan burodin kafin gari ya waye, ya kama hanyar shagunan bayan gada, sai hanya ta riƙa yi masa duhu. Haske ya dushe, ya dawo, ya dushe, ya dawo, kamar bugun zuciya. Har lambobin da ke gaban sitiyari ya ce suna dishewa tare. Shi ya yanke cewa jini ne ke hau masa zuwa ido. Ka tuna mahaifinsa da makanta ya ƙare, shi ya riƙa jan sa zuwa bayan gida har ya rasu. Wannan abin ne ke cin sa, ni ma kuma tun da ya faɗa barcina ya zama rabi.

Kai ka san mutumin nan in ka raba shi da sitiyari ka gama da shi. Da motar nan ya riƙe ka tun da yayana ya rasu ya bar mana kai kana rarrafe. Me kake gani za mu yi? Kada ka nuna masa na gaya maka, zai ce na yi masa tallan ciwo.

Af, wancan kayan kiɗan da ka ɗaura masa a mota kafin ka tafi, ni dai tun ranar da ka gwada mana shi tagogi suka kama rawa, ban ƙara jin ya kunna ba. Allah ya yi masa albarka da ya hutar mini da kunne.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya lau, sai sauro da aikin dare da rana a kan injinan ba da wuta. Almakashinki ki duba bayan keken ɗinki, can yake faɗawa kullum.

Maganar Baba, don Allah ki kwantar da hankalinki. Motar nan ta tsufa, ta girme ni. Kafin a ɗora wa idonsa laifi a fara da nata idon. Ya kai ta wurin mai gyaran wutar mota da ke bakin tasha, a canja ƙwan fitilun gaba duka biyu, a goge gilashinsu don ya yi jawur, a kankare kan batir a ɗaure shi da kyau. Na tabbata daga nan ne. Shi kuma ki lallaɓa shi ya je asibiti a auna jininsa, ba don komai ba, don hankalinsa ya kwanta. In kin ce masa don shi ne ba zai je ba. Ki ce ke za a duba wa gwiwa, ya raka ki.

Sai maganar kayan kiɗa. Gwaggo, ban ji daɗi ba, gaskiya. Ranar da na haɗa masa har dariya yake yana buga sitiyari, ya ce yanzu motarsa ta zama ta samari. Ashe kara ya yi mini. Na daɗe ina tanadin kayan nan, na zaɓi mafi ƙarfi a shagon, babbar sifika ta cinye rabin but ɗin bayan motar, duk don ya ji daɗin hanya. Da ya faɗa mini ba ya so, da taya na saya masa. Ba komai. Tunda ba a kunnawa, ya bar shi nan, in na zo hutu na cire.

Ki gaishe shi, ki gaida ƙanwata da mayaƙanta.

Ɗanki.

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai, lafiya kuma sai a hankali.

Kai yanzu ana maganar idon mutum kana maganar kiɗa? Kai da fushinka ku jira tukuna, ba ni da lokacinku.

Duk abin da ka lissafa an yi. Mai gyaran wuta ya canja ƙwai, ya goge gilashi, ya ɗaure batir, ya sa na'urarsa ya auna nan ya auna can, ya ce mota ƙalau take, sai dai tsufa. Babanka ya fita washegari ya dawo fuska a murtuke. Ya ce ba abin da ya sake.

Sai na ce to bari in gani da idona. Na tashi cikin sanyin asuba na bi shi, na zauna a gaba, ƙamshin burodi ya cika mini hanci. Wallahi Injiniya, hanya tar, har kyankyasai nake gani a bakin kwata. Muka zaga shagunan nan kaf, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Shi ma ya ce yau bai ga duhun ba. Na yi murna na ce an warke. Kashegari ya fita shi kaɗai, abu ya dawo. Maƙwabcinmu kafinta ya bi shi wata rana, lafiya lau. Mai gidan burodin da kansa ya shiga suka zaga, lafiya lau. Da ya fita shi kaɗai, duhu. Ka ji inda abin ya ɗaure mini kai. Shi kuwa cewa ya yi ai magana ta fito, mota ba ta da laifi, tunda kowa ya shiga yana gani, shi ne kawai ba ya gani.

Asibiti ma mun je, dabararka ta yi aiki. Likitar ido ta haska, ta ɗiga magani, ta sa shi karanta haruffa har na ƙasa, ta ce idonsa ya fi nawa. Tabarau na karatu kawai ta rubuta masa. Jini ya ɗan hau, ba sosai ba. Muna fitowa ya ce mini haka aka yi ta gaya wa mahaifinsa.

Yanzu ga babban abin da ya sa nake rubutun nan. Shekaranjiya ya kusa kashe mutum. A kwanar bayan gada wani mai keke ya ɗauro kwalaye, ba fitila ba komai, daidai lokacin da duhun ya zo masa. Ya ce sai da haske ya dawo ya gan shi a hancin mota. Ya taka birki, akwatunan burodi suka kife, mai keken ya faɗa kwata. Allah ya tsare, gwiwar hannu kawai ya ƙuje, har shi ne ke ba Babanka haƙuri ganin yadda ya ruɗe. Ya dawo gida bai iya riƙe kofi ba, ni na ba shi ruwa a baki kamar yaro.

Daren nan ya ce mini: “Ba zan jira sai na ɗauki ran ɗan wani ba.” In na ce ya ci gaba, ya kashe mutum fa? In na ce ya bari, na san yadda zai zauna a ƙofar gida yana kallon layi har ya lalace. Ina jin tsoro, ɗana. Ka rubuto da wuri.

Gwaggonka.

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Shiru dai har yanzu. An ce ruwa ya cinye hanyarku, motar kaya ba ta shiga. Ina fatan haka ne, ba wani abu ba. Zan bar wannan a wurin matar direban, duk ranar da hanya ta buɗe ta same ka.

Babanka ya ajiye aiki. Ya je ya gaya wa mai gidan burodi ya nemi wani. Mutumin ya yi ta roƙonsa ya ɗan huta kawai, ya ƙi. Mota tana nan a ƙofar gida, kullum da safe sai ya wanke ta tas, ya goge, ba inda za ta. Wani mai sayar da kayan gini ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta, ni ina leƙe ta taga kamar in fita in kore shi da tsintsiya. Sun yi magana, ya ce ƙarshen wata zai zo da makanikensa ya ɗauka. Babanka ya rame, wandonsa sai da na rage masa ƙugu. Abinci sai ya jujjuya cokali ya ture.

Akwai kuma wani sabon abu da ban gaya wa kowa ba, ko ƙanwarka. Matar nan mai shago a ƙarshen hanyarsa, mai kiran sa Baba Burodi, ta zo duba shi da ta ji shiru. Yana barci, muka zauna a ɗakin ɗinki. Cikin hira take cewa sun yi kewarsa, wai unguwarsu ta yi tsit. Na ce kamar yaya? Ta ce ai tun yana kan gada suke jin zuwansa, dum, dum, dum, har gwangwanayen kan kantarta suna motsi, mijinta ma da shi yake tashi ba da agogo ba. Wai sai ya zo dab da shago yake kashe kiɗan ya fito yana sallama kamar ba shi ba. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa tsoro ya kama ni.

Injiniya, Babanka fa. Mutumin da ko labarai yake ji sai ka kai kunne jikin rediyon. Dattijo da furfura, shi kaɗai cikin duhu, yana cika gari da kiɗan yara. Kuma yana ɓoye mini. Na ji ana cewa wasu tsofaffi haka abin ke fara musu, su riƙa ganin abin da ba kowa ke gani ba, su riƙa yin abin da ba halinsu ba. Ni da nake kukan ido, kada dai abin a kai yake? Na kasa tambayarsa. Jiya na zauna ina kallonsa yana datse farce, ina neman alama a fuskarsa, har ya ce me ya faru nake kallonsa kamar baƙo.

Ka ga dai kayanka ana kunnawa, sai ka huce. Ni ban ga abin murna a ciki ba.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Sallama. Lafiyata ƙalau, hanya ce ta yanke, yau aka gyara, takardunki biyu suka zo mini tare. A tsaye nake rubutun nan, direba ya ce ba zai kashe mota ba.

Kada a sayar da motar nan. Ko mutumin ya zo da makanikensa, ki tsaya a gabanta. Idon Baba lafiya, kansa ma lafiya. Kayan kiɗan ne.

Da kika ce ba ki ƙara jin ya kunna ba, sai na ɗauka ba ya kunnawa sam, na cire shi daga lissafi, na tsaya ina fushin banza. Ashe a gabanki ne ba ya kunnawa. Gwaggo, abin nan wuta yake sha ba kaɗan ba. Injin cajin motar Baba ƙarami ne, kuma ya gaji. Fitilu na ja, kiɗa na ja, duk lokacin da gangar ta buga sai ta fizge wutar, fitila ta dushe, ta saki, fitila ta dawo. Shi ne bugun zuciyar da yake gani. Ga shi a hankali yake tafiya tsakanin shaguna, injin ba ya samun gudun da zai cika batir. Lambobin gaban sitiyari ma wutarsu ɗaya, dole su dushe tare, shi ya sa ya zaci idonsa ne.

Ki tuna halinsa. Mutum ya shiga motarsa, ko yaro ne, hannunsa na kan makunnin rediyo kafin a rufe ƙofa. Ya isa wurin mai gyara, zai kashe don ya gaisa. Ya shigo layinmu, zai kashe don maƙwabta. Wa zai taɓa ganin abin in ba shi kaɗai ba?

Kada ki yarda da maganata, ki gwada. In duhu ya yi, ya juya motar ta fuskanci bango, ya tayar da ita, ya kunna fitila. Ki zauna a ciki. Ki sa shi ya kunna kiɗan yadda yake kunnawa in ba kowa, ba yadda zai kunna don kunyarki ba. Ki kalli bangon. In kin ga abin da nake zato, a kira mai gyaran wuta ya cire jar waya mai kauri da na ja daga batir zuwa but, ya kuma duba injin cajin.

Tsorona kada takardar nan ta iso a makare. Na nemi izinin tahowa an hana ni. Da a ce mai keken nan ya mutu, ai da hannuna a ciki. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ɗanki.

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. A wannan karon da gaske nake.

Takardarka ta zo da la'asar, mai kayan gini kuma da safe zai zo ɗaukar mota. Har an kwashe tarkacen Babanka daga ciki an zuba a kwali. Na karanta a bakin ƙofa, matar direban tana tsaye tana jiran ruwan sha, na manta da ita.

Ban ce masa komai ba sai da duhu ya yi. Na ce ɗauko makullin mota. Ya ce na me? Na ce ina so in yi sallama da ita, ni ma ai na ci arzikinta. Ya dube ni ya ɗauko. Na sa ya juya ta ta kalli bangon kafinta, ya kunna fitila, bango ya yi fari fat. Na ce to kunna. Ya ce in kunna me? Na ce abin da kake kunnawa in ba kowa. Wayyo, ka ga fuskar Babanka! Kamar na kama shi da hannu a tukunya. Ya fara wai shi ba ya kunnawa, na ce Baba Burodi, har gwangwanayen mutane ka sa rawa, kunna mini.

Ya kunna can ƙasa-ƙasa. Na kai hannu na murɗa da kaina har ƙarshe. Inna lillahi! Kujerar ta riƙa dukana a baya, haƙorana na haɗuwa. Na daure na kalli bango. Ganga ta buga, haske ya yi ƙasa. Ta saki, ya dawo. Ta buga, ya yi ƙasa. Na kama hannun rigarsa ina ihu: “Ina gani! Ni ma ina gani!” Bai ji ni ba sai da na nuna masa da yatsa. Ya kashe kiɗa, bango ya tsaya fari. Ya kunna, ya dushe. Ya kashe. Ya kunna. Ban san sau nawa ya yi ba, har kafinta ya fito ba riga, matan layi suka leƙo, yara suka taru suna rawa a cikin hasken.

Da ya kashe na ƙarshe sai ya kifa goshi a kan sitiyari. Na zaci dariya yake. Can na ji ya ce: “Ashe ba ni ba ne.” Ni ma sai na fashe, muka zauna muna kuka a mota, mutane na kallonmu ta gilashi. Ban ji kunya ba ko kaɗan.

Da safe ya je da kansa ya ba mai kayan gini haƙuri. Mai gyaran wuta ya cire wayar taka, ya ce injin cajin ma ya kusa sallama, an gyara. Ya yi ta cewa da an kunna masa kiɗan tun farko da ya gano. Babanka ya ce ya za a yi ya shiga wurin mutum da ganga kafin sallama? Aiki kuwa, an riga an ba wani hanyarsa, mai iyali ne, Babanka ya ce kada a taɓa shi. Shagunan nesa aka ba shi, na can bayan masaƙa. Sun fi wahala, amma ya karɓa da hannu biyu. Kai kuma ka daina cewa hannunka, ya ce in gaya maka kyauta ka yi, ba laifi ba.

Abu ɗaya na kasa haɗiyewa, sai da na tambaye shi. Na ce kai da ba ka son hayaniya, me ka ji a wannan kiɗan? Ya ce shi ko kalma ɗaya ba ya ganewa, kansa ma ciwo yake masa. Amma waƙoƙin da ka bari a ciki ne, in suna tashi sai ya ji kamar kana zaune a gefensa kana ba shi haushi, kamar lokacin da kake bin sa sauke burodi. Ya ce tun da ka tafi motar ta yi masa faɗi.

Ranar farko da ya fita ba kiɗa, ya dawo na tare shi a ƙofa na ce yaya hanya? Ya ce ya gan ta tar, har ƙarshenta, sai dai ta yi tsawo. Don haka yanzu ni nake bin sa. Ina tashi cikin sanyin nan da gwiwar tawa, in naɗe a mayafi in zauna a gaba, in ba shi labarin duk wanda ya kawo ɗinki da wanda ya ƙi zuwa karɓa. Jiya ya ce mini na fi sifikar taka ƙara. Amma bai ce in yi shiru ba, gobe ma da ni za a fita.

Gwaggonka.